Jirgin jika 20 a bakin tabkin Madarunfa

A watan Janairun da ya wuce ƙungiyarmu ta aike mu, mu uku, daga Maraɗi zuwa Madarunfa, don mu duba wani tsohon jirgin ruwa kafin a buɗe akwati a fidda kuɗi. Na san wasu za su yi dariya su ce mi ya haɗa matan Maraɗi da jirgi. Mu ma mun yi dariyar ranar da aka fara kawo zancen.

Wadda ta kawo shi tsohuwar ƴar ƙungiya ce, Yaya muke ce mata. Suyar kifi take yi a bakin titi da marece. Mijinta masunci ne, ɗan Madarunfa, Allah ya yi masa rasuwa shekara 3 ke nan. Babban ɗanta, saurayi ɗan shekara 19, yana can wurin baffansa yana su. Sai dai da jirgin wani yake shiga ruwa, kuma duk abin da ya kamo sai an raba uku, kashi ɗaya na mai jirgi. Abin da ya fi ci wa Yaya rai, matar mai jirgin ita ke fara zaɓe a cikin sauran ta saya. Ɗanki ya kamo kifi, ke kuma ki je ki saya wurin wasu da tsada. Ranar zubi ta tashi ta ce akwai jirgin sayarwa, jika 20 kacal, gyara kaɗan yake so, a ba ta bashin jika 30 ta saya ta gyara.

Mu 30 ne a ƙungiya, zubinmu dala 50 kowane sati. Kuna iya lissafawa da kanku: jika 30 zubin sati 4 ne na dukanmu. Kuma muna da doka, duk bashin da ya wuce jika 15 kuma abu za a saya da shi, sai an je an gani da ido. Aka zaɓi Hajiya ma'ajiya, wadda ko allura za a saya sai ta juya ta sau uku, da ni mai rubutu, da ita Yayar.

Ban ɓoye muku ba, ni tun farko ba na goyon baya. Akuya a gidanki take kwana. Injin niƙa kina jin ƙararsa daga ɗaki. Amma jirgi fa? Dukiya ce da ba ki tuƙa ta, ba ki ganinta, tana can kilomita 20 da ƴan kai a hannun maza. Da wannan zuciyar na shiga mota.

Mun fito bayan asuba, sanyi na yankan kunne, hazo ya rufe gari. Motar irin wadda kuka sani ce, ba ta tashi sai an cusa mutum na ƙarshe a kan cinyar na kusa da shi. Muka yi kudu, muka wuce ta wajen Jiratawa inda lambunan zogale suke kore shar a tsakiyar rani, mata da dammuna a ka suna jiran motar birni. Daga nan sai gonakin da aka girbe, kara a tsaye, shanu na kiwo a ciki, da kukoki manya-manya da suka zubar da ganye. Yaya ba ta ce uffan ba duk hanyar. Na ɗauka sanyi ne.

Wadda ba ta taɓa zuwa Madarunfa ba, ta daure ta je ko sau ɗaya. Kina tafe cikin ƙura da rairayi sai kawai ruwa ya buɗe a gabanki, shimfiɗe, har ɗayan gefen ya ɓace cikin hazo. Balbelu fari fat a bakin ruwa, zalɓe a tsaye da ƙafa guda kamar mai jiran bashi. Ruwan damina ne ke cika tabkin, wanda Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi ke kawowa daga wajen Najeriya, in rani ya yi nisa kuma sai ya riƙa ja da baya, masu lambu na bin sawunsa suna shuka. A kewayensa ne kaburburan waliyai 99 suke, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga nesa. A 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya, na yarjejeniyar Ramsar. Su kuwa masunta, in kika zauna da su, zancensu guda ne: rairayi na cike tabkin, inda da can sandar tuƙi ba ta taɓa ƙasa yanzu tana taɓawa.

Mun iske jirage sun fara dawowa daga sun dare. Mata sun yi cincirindo da kwanoni da robobi, ana juye tarwaɗa da karfasa a kan buhu, ana ciniki da ihu. Nan na ga abin da Yaya ke faɗi. Kafin jirgi ya taɓa gaɓa an san wadda za ta fara sa hannu, baƙuwa sai dai ta tsaya baya ta ɗauki abin da aka bari.

Baffan yaron ya ce kafin komi mu je mu gaida sarkin ruwa, haka muka yi. Wannan gaisuwar ita ta cece mu, don da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya aika a kira wani tsoho mai gyaran jirage ya raka mu. Ɗan siriri ne, hannuwansa duk tabon kwalta, ya zo da ƙaramar guduma da wata tsohuwar wuƙa a aljihu. Hajiya ta tambaye shi ladan dubawa, ya ce jika guda. Ta ɓata rai. Daga baya da bakinta ta ce ba ta taɓa kashe jikar da ta yi mata daɗi kamar wannan ba.

Jirgin yana can gindin wata bishiya, nesa kaɗan da ruwa, a kife. Wallahi da kyansa. Baƙi wuluk, kwalta sabuwa tana ƙyalli, tsawonsa ya kai taki 7. Mai shi na tsaye yana murmushi. Ni da ban san komi ba na ce a raina, ashe dai Yaya ta yi tsintuwa.

Tsohon bai ko dubi kwaltar ba. Ya zagaya shi sau ɗaya, sannan ya fara ƙwanƙwasawa da guduma daga goshi yana bi a hankali, kunnensa kusa da katako. A gefuna ƙarar na fita ƙwas, ƙwas. Da ya zo tsakiyar gindin sai ta koma ɓus, ɓus, kamar ana bugun kabewa. Ya ɗago ya dube mu.

"Kun ji, ɗiyana?"

Muka ce mun ji, Baba. Ya zaro wuƙar ya dafa tsininta a wurin, bai ko sa ƙarfi ba ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Mai jirgin ya ce ai nan ne kawai. Tsohon ya matsa taki guda ya sake, ta sake shigewa. Ya sa samari suka birkice jirgin. Ciki babu kwalta, sai ga gaskiya a fili: katakon ƙasa ya yi baƙi ya yi laushi, ga hanyoyin gara, ga kowace ƙusa da zoben tsatsa kewaye da ita. Ya kama ɗaya daga haƙarƙarin jirgin, wato itatuwan nan da ke gicciye a ciki suna riƙe katakai, ya girgiza, sai ya motsa a hannunsa kamar haƙorin tsohuwa.

Bari in tsaya nan in faɗa muku abin da ya koya mana, don shi ne ribar tafiyar. Ya ce ruwan tabki ba shi ke kashe jirgi ba. Jirgin da ke aiki kullum, ana kwarfe shi ana kula da shi, yakan daɗe. Abin da ke kashe shi ajiya ce a tudu. In aka bar shi baki sama, ruwan sama ya taru a ciki ya kwana ya wuni, rana ta gasa, wani ruwan ya sake sauka, sai ya ruɓe daga ciki. Ta ƙasa kuma gara na aikinta. Wannan jirgin damina biyu ya yi haka. Ya ce yoyo kaɗai ba abin tsoro ba ne: katako in ya bushe tsukewa yake, mahaɗai su buɗe, amma in an jiƙa shi cikin ruwa kwana 3 ko 4 sai ya kumbura ya rufe, abin da ya saura a cusa tsumma a bi da kwalta. Gefen da ya fashe ma ana canja shi cikin yini ɗaya. Amma gindi da haƙarƙari su ne jirgin. In sun tafi, sabon jirgi za ki ƙera a kan tsohon suna. Kuma sabon katako a jikin ruɓaɓɓen haƙarƙari ba ya zama, don ƙusa ba ta da abin kamawa.

Ya ƙara da cewa a tambayi irin itacen. Jan katako mai nauyi shi ake so a ƙasa. Farin katako marar nauyi, irin na silin da benci, yana da araha amma ba ya jure ruwa. Sannan kar a taɓa sayen jirgi a yadda aka nuna miki shi. In a kife yake, a birkice shi. In cikin ruwa yake, a jawo shi tudu. Sabuwar kwalta a jikin tsohon jirgi kuwa, ya ce, kamar lalle ce a ƙafar da ke da ƙaya. Ban ce mai jirgin ya shafa ta don ya cuce mu ba, Allah ya san zuciyarsa. Amma ta waje kawai ya shafa.

Hajiya ta fiddo ɗan littafinta ta ce, "To Baba, in an ce dole sai an gyara, nawa?"

Ya ƙirga da yatsu, ni ina rubutawa. Jan katako 3 na ƙasa, jika 12 kowane, 36 ke nan, kuma sai an ɗauko daga Maraɗi. Haƙarƙari 4, jika 6. Ƙusa da tsumma da kwalta, jika 5. Ladan hannunsa, jika 8. Jika 55. A haɗa da kuɗin saye, jirgin jika 20 ya koma na jika 75, ban da kuɗin mota. Zubin sati 10 na mata 30. A dokarmu ta 10 cikin 100 a wata, abin da za a ɗora a kai kaɗai jika 7 da rabi ne duk wata, ga shi tsohon ya ce ba zai gama ƙasa da sati 5 ba don akwai aikin wasu a gabansa. Wata guda da ɗori bashi na tafiya, jirgi na kwance. Sabo dal mai wannan girman, in ji shi, wajen jika 110 zuwa 120 ne. Hajiya ta rufe littafi ta ce araha ba ta ado, mu tafi.

Yaya ba ta motsa ba. Ta dafa goshin jirgin, wurin da aka buga wani guntun gwangwanin tumatir da ƙananan ƙusoshi, tana shafa shi da yatsa. Ɗanta ya kau da kai yana kallon ruwa. Hajiya ce ta fara ganewa.

"Yaya, jirgin wa ne wannan?"

Ta daɗe kafin ta amsa. "Na malam ne. Shi ya buga wannan da hannunsa. Lokacin jinyarsa muka sayar, jika 60."

Ba wadda ta san abin cewa. Ni kunya ta kama ni, don duk hanya ina ta lissafin yadda zan hana. Ta ce ba ta faɗa a taro ba don kar a ce son zuciya ne. Ta ce tun da ta ji za a sayar ba ta yi barcin kirki ba, ita dai tana son ta ga ɗanta a cikin jirgin ubansa.

Na ɗauka Hajiya za ta yi faɗa, don ɓoye magana a wurin neman bashi laifi ne a wurinmu. Sai ta zauna a gefen jirgin, ta jawo Yaya ta zaunar. Ta ce, "Da kuɗina ne, wallahi da na ba ki ki saya ko don ki riƙa kallonsa. Amma kuɗin marayun wasu ne a ciki, da na masu jiran rabo su yi wa ɗiyansu kayan ɗaki. Kuma ki dubi inda wuƙar nan ta shiga. Nan ɗanki zai tsaya da dare, a tsakiyar ruwa."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta shige ta. Ta share ido da bakin mayafi ta ce shi ke nan.

Muna shirin komawa tsohon ya ce in ba mu gaji ba akwai wani da yake so mu gani. Muka bi shi ta bakin ruwa, ƙafafunmu na nutsewa cikin laka, har wani lungu mai ciyawa. Ga wani jirgi rabinsa cikin ruwa, ya yi gansakuka, gefe ɗaya a fashe, duk jikinsa faci. Da ni kaɗai ce ko kyauta ba zan karɓa ba. Mai shi dattijo ne, ƙafa ta hana shi shiga ruwa, ƴaƴansa sun tafi ci-rani. Samari suka kwarfe ruwan suka jawo shi tudu, suka kife. Tsohon ya bi shi da guduma tun daga goshi har ƙarshe: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya dafa wuƙa, ta ƙi shiga. Jan katako ne, kuma zamansa cikin ruwa ya hana gara da rana taɓa shi. Haƙarƙari duk lafiya. Katako 2 na saman gefe kawai za a canja, a sake tsumma da kwalta.

Dattijon ya ce jika 50. Ya san abin da ke hannunsa. Hajiya ta zauna da shi kusan awa guda, mu muna cin soyayyar karfasa da yaji a wurin wata mata, kifin da ban taɓa cin mai daɗinsa a Maraɗi ba. Aka tsaya a 42. Ba mu biya ko dala ba ranar, don ba a aiko mu saye ba, gani aka aiko mu.

A taron da ya biyo baya an yi gardama sosai. Yaya da kanta ta tashi ta faɗi abin da ta ɓoye, ta nemi gafara. Wasu suka ce a bar zancen jirgi kwata-kwata, ta ƙara jarin suya kawai. Ni kuma na maimaita abin da ke damuna tun farko, dukiyar da ba ta kwana a gidanki. A nan aka tsaya, kuma a ganina nan ne ƙungiya ta yi abin kirki. Aka ce ba za a ba da duka ba. Asusu zai ba da jika 40, baffan yaron ya kawo cikon daga aljihunsa, don wanda ya sa nasa a ciki ba ya barin jirgi ya kwana da ruwa. Aka ce a yi cinikin gaban sarkin ruwa da shaidu biyu, a rubuta takarda da sunan Yaya, a kuma tabbata ba bashi ko rigimar gado a kan jirgin. Aka tambayi koma, don jirgi ba koma ba ya kama ko ɗan tsako, aka iske yaron na da ta ubansa. Aka tambayi takardar izinin su ta ma'aikatan ruwa da gandun daji, yana da ita. Aka kuma ce jirgin na su ne, ba na ɗaukar mutane ba, kar a ji an loda yara ko ƴan kasuwa a ciki don neman ƙarin dala. Biya kuwa wata 4: jika 14, 13, 12, 11.

Ƴan'uwanmu na Tabalak a jihar Tawa, da na Gidimuni a jihar Damagaram, ku da kuke bakin tabki kamar wannan, lissafin nan zai yi kusa da naku ko da farashi ya bambanta. Na bakin kogin Isa kuwa, Yamai da Gaya, inda jirage ke da girma har da inji, ku ninka hankali, don can injin kaɗai na iya fin jirgin tsada, kuma guduma ba ta gaya miki lafiyar inji.

In kun tambaye ni yau ko tsohon jirgi ya cancanci saye, zan ce ya danganta da abin da wuƙa ta faɗa, da ko mai gyara na kusa, da wanda zai tuƙa. Namu na biyu ya cancanta. Na farkon, ko kyauta aka ba mu, da ya ci mu.

Ga yadda aka ƙare da shi. Da labari ya bazu a bakin ruwa cewa gindinsa ya ruɓe, ba wanda ya sake taya shi, mai shi ya yanke shawarar farfasa shi. Tsohon mai gyara ya je ya zaɓi katako 2 na gefe, waɗanda suka yi ƙwas ɗin nan, ya saya jika 4, da su ya gyara jirgin Yaya. Tsumma da kwalta da lada suka ci jika 10. Duka-duka jika 56, baffa ya ba da 16. Ƙarshen Fabrairu aka tura shi ruwa.

Ta biya na farko da na biyu a kan lokaci. Na uku ya yi jinkirin kwana 9, don kututture ya yaga komar sai da aka ɗinke, ta biya tara kamar kowa. Jirgin har yanzu yana ɗan yoyo ta baya, yaron na tafe da yankakken bido yana kwarfewa, tsohon ya ce a kawo shi a sake tsumma kafin damina. Kifi yanzu ita ke fara zaɓe, kuma kashin mai jirgi nata ne. Saura jika 11.

Guntun gwangwanin nan ma yaron ya ɓamɓaro shi ya buga a goshin sabon. Yaya ba ta je ta gani ba tukuna. Ta ce sai ta kai jikar ƙarshe akwati, sannan ta ɗauke mu mu uku mu koma, a zagaya da mu bakin gaɓa. Hajiya ta ce ita a tudu za ta tsaya ta riƙe mana takalma.